Rufin Kwano Da Iskar Farkon Damina A Gagarawa Tasha

Da zarar hadari ya fara haɗuwa daga gabas, magidanta a Gagarawa Tasha da sauran garuruwan masarautar Gumel sai su shiga ɗaga kai suna duban rufinsu. Iskar da ke riga ruwa isowa ita ce abin fargaba, domin takan ratso fili fetal ta yaye kwano kamar an cire wa mutum hula.

Iyayenmu da soro suka dogara: a jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a ɗora ƙasa, a kafa indararo. Nauyinsa ya fi ƙarfin iska, sai dai kowace shekara yana neman yaɓe, ga giginyar ta yi ƙaranci. Shi ya sa aka koma kwano.

A ganina, galibin ɓarnar daga wajen ɗaurin take. Kafinta ya aza katako bisa bulo, maigida ya ƙi sayen rodin da za a binne cikin kankare a ɗaure katakon da shi, a kuma bar bakin kwano ya zarce bango, inda iska za ta sami makama. Kuɗin rodin nan bai kai na bandir ɗaya na kwano ba.

Inshora kuwa, da yawa na ƙyamarta saboda shubuhar riba, alhali tun 2013 hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato tsarin taimakekeniya bisa shari'a. Ya kamata wakilan kamfanonin su riƙa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis su yi wa magidanta bayani da Hausa.