Shirin Musamman: Tseren Mota da Babur a Titunan Gombe, da Abin da Doka Ta Tanada

Shirin na yau ya duba tseren ababen hawa a cikin birnin Gombe, abin da matasa ke kira wasan mota ko wasan babur, wanda ya fi yawa a yammacin ranakun ɗaurin aure, lokacin da ayarin rakiyar amarya ke ratsa titin Bauchi ko titin Biu, abokan ango suna ɗaga ƙafar babur ta gaba sama, masu mota kuma suna murza taya har ta yi hayaƙi.

Dokar da ta fi shafar wannan ɗabi'a ita ce ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, aka kuma sabunta dokarta a 2007. Dokar ta ɗauki irin wannan wasa a matsayin tuƙin ganganci, wato sarrafa abin hawa da gudu ko ta wata hanya da ke jefa jama'a cikin haɗari, ta kuma tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko a haɗa wa mai laifi duka biyun. Idan aka rasa rai, ɗaurin yana iya kaiwa shekara 7.

Iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa, kuma ba da ka aka tsayar da wannan adadi ba. Motar da ke wannan gudu tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, idan kuwa direba ya ninka gudunsa, tazarar da birki ke buƙata kafin motar ta tsaya cak takan ninka sau huɗu. Yaron da ya fito daga Islamiyya a Jekadafari, ko mai tallar gyaɗa da ke tsallaka titi a Pantami da faranti a kai, ba shi da damar kaucewa.

Aiwatar da dokar yana hannun jami'an kiyaye haɗurra da 'yan sanda, tare da rundunar jiha ta GOSTEC da gwamnatin jihar Gombe ta Muhammadu Inuwa Yahaya ta kafa, akan kuma gurfanar da masu laifi a kotun tafi-da-gidanka, wato kotun da alƙalin majistare ke zama da ita kusa da inda aka yi kame domin yanke hukunci nan take.

Rauni biyu ne ke rage wa dokar kaifi. Tarar da ta kai kimanin dala 400 a 2007 yanzu ba ta kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, don haka ɗan mai hali ba ya jin zafinta. Wanda ya fi wannan muni shi ne neman alfarma, domin kafin a kammala rubuta bayanin wanda aka kama, sau da yawa wani babba ya riga ya bugo waya yana cewa a yi haƙuri, yarinta ce. Iyalan wanda aka kaɗe kuwa, waɗanda ke zaryar sayen magani a Asibitin Koyarwa na Tarayya, su ma dattawa kan lallashe su da cewa ƙaddara ce, har su janye ƙara tun mara lafiyarsu bai sauko daga gado ba.