Na'ura Mai Tsamo Ilmi Daga Rubutu da Sunayen Ƙasar Zamfara

A shekarar 2010 masana na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka ƙago wani tsarin kwamfuta mai suna NELL. Aikinsa a lokacin shi ne karanta shafukan Turanci na intanet dare da rana, yana tsamo magana irin ta "gari kaza yana cikin ƙasa kaza", yana adanawa. Misalai kaɗan aka ba shi da fari. Daga nan ya riƙa lura da kalmomin da suka saba raka kowane suna, har ya iya rarrabe mutum da gari. A 2021 ƙungiyar Masakhane ta shirya wa harsunan Afirka goma irin waɗannan misalai, har da Hausa, wadda aka ɗebo tata daga labaran Muryar Amurka.

To, amma a gwada na'ura da Talata Mafara. Talata rana ce, sunan mace ce, ga ta kuma rabin sunan gari. Bahaushe ba ya ko tsayawa tunani, na'ura kuwa in misalanta sun gaza sai ta raba sunan biyu, ta mai da rabinsa kwanan wata. Maradun da Maraɗi ma sun yi kusa, muddin marubuci ya yar da ƙugiyar ɗ. Sa'an nan takardar da aka rubuta 'yan shekaru kafin 1996 cikin Jihar Sakkwato ta sa Bakura, ta baya kuwa cikin Zamfara, kuma kowacce gaskiya ta faɗa a zamaninta.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne Bakalori. An gama madatsar a 1978 a kan Kogin Sakkwato, a 1980 kuma 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu neman diyyar gonakinsu wuta. Adadin mamatan da hukuma ta bayar ya yi nisa ƙwarai da wanda mutanen wurin suke faɗi. Na'ura ba ta auna shaida yadda alƙali yake yi. Abin da aka fi maimaitawa a rubuce shi take ɗauka. Labarin manoman kuwa galibinsa a baka yake, cikin Hausar da ke cewa "shina" da "wanga" inda Kano take cewa "yana" da "wannan", kuma irin wannan Hausa kaɗan ce ainun a intanet.