Amsa-kuwwar tauraron ɗan Adam da iyakar gona

Bisa dokar filayen karkara da aka kafa a shekarar 1993, kwamitocin filaye na jihar Tawa ke rubuta gonaki da burtali. Yau ma'auninsu shi ne GPS. Ya kamata manomi da ma'aikaci su san inda wannan na'ura take kuskure.

Taurarin GPS suna yawo a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa. Kowane yana aiko saƙo mai gudun haske, wato kilomita 300,000 a daƙiƙa. Na'ura tana ƙidaya lokacin da saƙon ya yi a hanya, ta gane nisa. Sai ta ji taurari 4 ko fiye kafin ta faɗi inda mutum yake.

To, saƙon nan yakan yi amsa-kuwwa, kamar muryar makiyayi a gindin dutse. Idan ya bugi bango, ko rufin kwano, ko ruwa, sai ya karkato ya iso a makare. Na'ura ta ɗauka tauraron ya fi nisa. Ƙarin tafiya kaɗan ya isa ya gusar da iyaka da mita da yawa, kuma a kan abin da bai kai haka ba maƙwabta kan kai juna gaban sarki.

Wuraren hattara sanannu ne: gindin dogayen rumbunan masana'antar siminti ta Malbaza, rumfunan kwano na kasuwar Birnin Ƙonni, tsaunukan Adar a ƙasar Illela, da bakin madatsun ruwa na Mozage da Zango da Galmi.

A teku ba gini ba dutse, amma ruwa kwantacce madubi ne. Yana mayar da saƙon taurarin da suka yi ƙasa-ƙasa, ƙarfen jirgi ma yana mayarwa. Shi ya sa matuƙa ke kafa eriya a inda babu abin da ya tare ta.

Saboda haka, ya ma'aikaci, tsaya a fili, nesa da mota da bango. Kada ka yi gaggawa. Sake awo bayan ƴan sa'o'i, lokacin da taurari suka canza wuri. Kai kuma manomi, a kafa turken siminti a gaban maƙwabta da mai gari, a rubuta. Na'ura mataimakiya ce, ba ta kore shaidu ba.