Karatun Zane a Jami'a: Arzikin da Ke Zariya Muna Wuce Shi

Duk yaron da ya ce wa mahaifinsa zai karanta zane a jami'a ya san tambayar da zai sha: "To, in ka gama me za ka ci?" Tambayar tana kan hanya, amma akasarin masu yin ta sun ɗauka aikin ya tsaya ga rubuta allon shago da zana hoton ango da amarya. Fasahar zamani ta wuce nan da nisa. Sana'a ce mai kasuwa da masu saye da gidajen baje koli a duniya, kuma da wuya mutum ya kutsa cikinta ba tare da ya zauna a gaban malamai ba.

Abin da jami'a ke koyarwa ya fi riƙon buroshi. Ɗalibi yana koyon tarihin abin da aka yi kafin shi, yana kafa aikinsa a bango malamai da abokan karatu su yi masa filla-filla, har ya iya bayyana dalilin kowane layi da ya ja. A nan tunani ke nuna. Misalin yana gida: a 1958 wasu ɗalibai a Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya don ƙin bin salon Turawa ido rufe. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Suka ce a ɗauki dabarun aji a haɗa da zanen gargajiyar kowa, kuma wannan shawara tasu ce ta zama ginshiƙin fasahar zamani a Najeriya. Abin da ke damuna shi ne, a garin Zazzau aka yi haka, garin da magina suka ƙawata soraye da zane, masu ɗinki suna fitar da aska takwas a wuyan riga, amma sunayen da duniya ta sani daga wannan makaranta galibi daga Kudu suka zo.

Wani zai ce zane baiwa ce, ai Ladi Kwali ba ta shiga jami'a ba, ga hotonta nan a bayan naira 20. Gaskiya ne. Sai dai ita ma a 1954 ta shiga cibiyar tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda ta ƙara dabarun gashi da sheƙi a kan gwanintar da ta gada, kuma ta nan ne tukwanenta suka isa Ingila. Baiwa tana buƙatar horo da hanya, jami'a kuwa ita ce inda aka tanadi su ga ɗan talaka.

Ƙorafi mafi nauyi a wajenmu shi ne na addini, game da sassaƙa da zana mai rai, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Amma fagen yana da faɗi. Ibrahim El-Salahi, ɗan wani malamin addini a Sudan, ya yi karatu a Landan, ya koma gida ya sa harafin Larabci ya zama tushen aikinsa, har gidan Tate Modern ya shirya baje kolin ayyukansa a 2013. Almajirin da ya iya zayyanar allo yana riƙe da irin wannan jari. Haka kuma Ibrahim Mahama na Tamale, wanda ya yi karatu a jami'ar Kumasi, da tsofaffin buhunan algarara na koko da gawayi yake aiki, yana ɗinke su ya lulluɓe manyan gine-gine, don a ga gumin 'yan dako a jikin kowane faci da tambarin da ke kansu. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale ɗin.

Batun kuɗi kuwa, a faɗi gaskiya: zanen Tutu na Ben Enwonwu ya yi fam miliyan 1.2 a Landan a 2018, amma ƙalilan ne ke kaiwa can, kuma shekarun farko masu wuya ne. Yawancin waɗanda suka gama suna rayuwa da koyarwa, ko tsara littattafai da tallace-tallace, ko zanen yadi, ko aikin gidajen tarihi, suna yin nasu aikin a gefe. Hakan rufin asiri ne, daidai da na mai digirin lauya da ke jiran shari'arsa ta farko.

Iyayen da ke da yaro ko yarinya mai cika bayan littafi da zane, su daure su kai shi Samaru ya ga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da idonsa kafin a yanke masa hukunci.