Ziyarar Gida da Shawarar Zama a Ƙasar Bakolori

Can yammacin Turai, daura da Ingila, akwai wani tsibiri da ake kira Ayalan, wanda Allah ya jarrabi mutanensa da yunwa mai tsanani tun daga 1845 har zuwa 1852, sa'ad da cuta ta faɗa wa dankalin da yake shi ne cimar talakawansu, har mutum kimanin miliyan ɗaya suka rasu, wasu kimanin miliyan ɗaya kuma suka shiga jiragen ruwa suka bazu cikin duniya. Zuriyar waɗannan da ta waɗanda suka bi sawunsu daga baya, a Amurka kaɗai sun haura miliyan 30, alhali kuwa mazauna Jamhuriyar Ayalan a yau ba su wuce miliyan 5 da 'yan kai ba. Da hukumar ƙasar ta ga begen gida bai fita daga zukatansu ba, sai ta yarda wanda aka haifi kakansa a tsibirin ya nemi zama ɗan ƙasa, a 2013 kuma ta keɓe shekara sukutum tana gayyatarsu su zo su ga tushensu. Amma duk wanda ya ɗaura niyya a cikinsu, mas'ala ɗaya ce take tare shi: shin ya sauka a babban birninsu Dablin, inda aiki yake amma kuɗin haya ya gagari mutane, ko kuwa ya nufi ƙauyukan yamma na bakin teku, inda kakanni da yawa suka fito, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, samari kuma sun tafi neman abinci?

Wannan mas'ala tamu ce mu ma, domin babu wata zuriya a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun wadda ba ta da nata a nesa. Akwai waɗanda cin rani ya kai Agege ko Sabon Ibadan suka yi aure suka zauna, akwai na zangon Kumasi, akwai waɗanda hanyar hajji ta ƙasa ta ajiye kakanninsu a Sudan, akwai kuma ma'aikatan da suka ƙare ƙuruciyarsu a Kaduna da Abuja, yanzu furfura ta fito, ritaya ta matso, zuciya tana ta raya musu komawa gida. 'Ya'yansu sun tashi suna jin sunayen garuruwa a bakin iyaye, suna amsa cewa su Zamfarawa ne, ba tare da sun taɓa kwana bakwai a jere a ƙasar ba. Sada zumunci wajibi ne a shari'a, ba ni da ja a kan wannan. Abin da nake so in rarrabe shi ne ziyara daban, zama daban, kuma mutane da yawa sun yi asarar dukiya saboda sun yanke shawarar zama da abin da suka gani a kwana ukun Salla.

Wanda zai zo ya fara sanin cewa ƙasar da kakansa ya ba shi labari ba ita zai tarar ba. A 1974 aka fara gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya tare da gwamnatin tarayya suka yi aikin, aka gama a 1978. Tsawon bangon ya kai kilomita 5 da rabi, tafkin da ya taru a bayansa ya rufe kimanin hekta 8,000, yana kuma iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 450, aka shirya shayar da kimanin hekta 23,000 daga gare shi. Dubban mutanen ƙasar Maradun aka tasa daga gidajensu da fadamunsu aka mai da su kan tudu, manoman da ke ƙasa da madatsar kuma aka karɓi gonakinsu shekaru ana daidaita su ba su noma ba, diyya ta yi jinkiri, wadda ta zo ma ba ta kai ba. Da haƙuri ya ƙare mutane suka tare hanyoyin aikin, sai a watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Allah ya jiƙansu da rahama. Ma'anar wannan ga mai neman tushe ita ce, la'alla gidan da yake nema yana ƙarƙashin ruwa, gonar da aka kwatanta masa da tsamiya a gefenta kuma ta zama fegi mai lamba a cikin taswirar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Dangi kuwa suna nan, su za a nema.

Talata Mafara ita ce mafi sauƙi ga baƙo, don tana kan babbar hanya kusan tsakiya tsakanin Gusau da Sakkwato, wanda ya sauka a filin jirgin Sakkwato da hantsi yana iya yin azahar a cikinta. Akwai fadar Sarkin Mafara, akwai babban asibiti da bankuna da masaukin baƙi, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau wadda ta tara ɗalibai da malamai daga wurare dabam dabam, har garin ya saba da baƙuwar fuska. Wanda yake so ya san arzikin ƙasar kuwa, ya shiga kasuwa ran Talata a tsakiyar rani, ya tsaya inda ake sauke kaya: buhunan shanshera jere, dankali tsibi tsibi da jar ƙasa a jikinsa, kwandunan tumatir an rufe bakinsu da ganye, dillali ya tsoma hannu cikin buhu ya ɗebo shinkafa ya murza a tafinsa ya hure ƙaiƙayi ya ciza ƙwaya ɗaya kafin ya buɗe baki ya yi tayi. Aibin Mafara shi ne fili ya yi tsada, kuma gudun hijirar mutanen ƙauyuka ya cika ta, haya ta hau.

Bakura ta fi ta shiru, tana gefen babbar hanya, garin Sarkin Burmi, kuma ita ce ta mai son noma da gaske, saboda magudanun ruwan aikin sun ratsa ƙasarta, ga kuma kwalejin koyon aikin gona da kiwon dabbobi. A nan zan ja kunnen mai jari. Fiye da rabin filin Bakolori da injinan feshi aka tsara shayar da shi tun farko, waɗannan kuwa sai da wutar lantarki da kayan gyara daga waje, da suka lalace sai dubban hekta suka koma jiran damina. Shirin gyaran da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya yashe magudanu ya gyara wasu sassa, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu raba ruwa da karɓar kuɗinsa, amma har yanzu fegin da ke kusa da bakin magudana da wanda ke wutsiyarta ba daraja ɗaya gare su ba, ko da girmansu ɗaya ne. Kada mutum ya sayi gona a watan Agusta, lokacin da ko'ina kore ne. Ya zo a Maris ya ga inda ruwa yake kaiwa.

Maradun, garin Sarkin Kaya, ita ce mafi kusa da tafkin, kuma a ganina ita ce mafi daɗin kallo da yawan tarihi. A ƙasarta Faru take, ɗaya daga cikin wuraren da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a shekarun da ya yi yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi, a nan kuma aka haifi makaɗin sarauta Sa'idu Faru, shi ma Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, da sunan Maradun duniya ta san shi. Garuruwan nan uku kowanne ya fid da gwamna tun da aka ƙirƙiri jihar a 1996: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011, Bello Matawalle na Maradun daga 2019. Da yawan manya yake kawo zaman lafiya, da babu inda zai kai wannan yanki.

Amma ba zan ɓoye wa mai karatu abin da kowa ya sani ba, domin ɓoye shi ha'inci ne. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara, a Agusta na shekarar suka shiga kwalejin gona ta Bakura suka kashe mutane suka tafi da wasu, a farkon Satumba suka ɗauki ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, har hukuma ta rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Ƙauyuka da dama sun watse, wasu kuma sai sun biya kafin su girbe abin da suka shuka. Wanda ya zo daga nesa da babbar mota da sabuwar shadda, labarinsa yana riga shi isa. Saboda haka tawakkali yana tare da ɗaure raƙumi: a yi tafiya da rana, kada a yi shelar ranar zuwa, a tambayi dangi halin hanya a safiyar da za a tashi, in sun ce a dakata a dakata, kuma kada a kwana a ƙauye don kunyar kawu, shi kansa ya fi son a koma gari kafin la'asar sakaliya.

Game da lokaci, hutun da ya fi dacewa da yara shi ne na hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, sa'ad da sauro ya ragu, hanyoyi suka bushe, rumbuna suka cika. A hana su wanka a magudanun ruwa ko da sun ga yaran gari suna yi, saboda tsargiya. Amma mai tunanin zama, hunturu ruɗinsa zai yi. Ya ɗanɗana bazara tukuna, a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura awo 40 wuta kuma babu, sannan ya ga damina da zazzaɓinta, ya kai mara lafiya asibiti da dare sau ɗaya, ya shiga makarantar da zai sa 'ya'yansa ya zauna a aji. Ya kuma tambayi matarsa da gaske, musamman in ba 'yar ƙasar ba ce, don ita za ta wuni a gidan cikin danginsa.

Saura maganar gado, wadda ta fi kowace raba 'yan uwa. Sau da yawa za ka ga mutum ya gama gaisuwa, an ci tuwo, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Kawu, Allah shi daɗe da ranka, ina labarin gonar Baba?” Tsoho ya yi shiru, can ya ce, “Ɗana, gona tana nan, ba wanda ya ci maka. Sai dai ƙanenka shekara talatin yana nomanta, da ita ya aurar da ƙannenku mata, da ita muka yi jinyar kakarka.” Duka biyun gaskiya suka faɗa. Malaman Malikiyya sun yi bayanin hauzi, cewa wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba, alhali babu abin da ya hana shi, to da'awarsa ta faɗi in tsakaninsu babu dangantaka, tsakanin dangi kuwa wa'adin ya fi haka tsawo ƙwarai, wanda ba ya gari kuma ba a hukunta shi da shirunsa. Watau haƙƙin na nesa bai mutu ba. Sai dai karɓarsa ta hanyar alƙali a zuwan farko yana iya ba mutum gona ya raba shi da waɗanda ya zo dominsu. Abin da ya fi maslaha shi ne a tara magada gaban malami da mai unguwa, a raba bisa shari'a, a rubuta da shaidu, sannan mai zuwa ya bar rabonsa a hannun wanda yake nomawa, aro ko haya, har ya tabbata zai zauna. In saye zai yi, ya tuna Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna amana, takardar ciniki ta dillali kaɗai ba ta isa ba, sai an bi ta hakimi da ofishin filaye.

Hukuncina a taƙaice shi ne, ziyara kam a zo, a kawo yara su san kakanninsu tun suna raye, a sauka Mafara, a riƙa leƙa Bakura da Maradun da rana gwargwadon yadda hanya ta yi kyau. Zama kuwa, kada a sayar da gidan Legas ko na Kaduna tukuna. A kama haya a Mafara shekara guda, a noma fegi ɗaya rani da damina, a yi istihara, a yi shawara da waɗanda ba su da abin sayarwa, sannan a sa harsashin gini. Ku kuma 'yan uwa na gida, in ɗanku ya buga waya ya tambayi halin da ake ciki, ku gaya masa gaskiya ko da za ta jinkirta zuwansa.