Gadon Da Kakanninmu Suka Bar Mana

In dattijo ya rasu, 'yan'uwa sukan zauna su raba gona da shanu da rumbu. Amma akwai gadon da ba a auna shi da igiya, wato bangaskiya. Mu masu bi na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, ya kamata mu san inda namu ya fito.

Labarin ya soma a Kano ne, kafin zuwan Turawa. Wani malami, Malam Ibrahim, ya yi ta nazari a kan Annabi Isa har ya shiga koya wa mutane girmansa. Aka kashe shi a kasuwar Kurmi wajen shekara ta 1867, almajiransa kuwa suka watsu, waɗansu har Ningi. Su ne ake kira Isawa. Shekara da shekaru suna riƙe da sunan Isa, ba su da Linjila a hannu.

A 1913 waɗansu daga cikinsu suka je birnin Zariya wurin Likita Miller na mishan C.M.S., wanda ya zauna can tun 1905. Da suka ji bishara sai suka ce abin da suke jira ke nan. Ba da jimawa ba suka taru suka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, nan ƙasar Makarfi, tare da Rabaran W. A. Thompson, wani baƙar fata daga tsibiran Karebiyan. Suka yi noma, suka gina majami'a, yara suka shiga karatu.

Sai gwaji ya zo. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa ƙauyen, mutane da yawa suka mutu. Tilas sauran suka tashi, zuriyarsu kuma ta ƙarasa Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew a 1929. Mai kallo zai ce aikin ya lalace. Amma daga zuriyar nan aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Manoman rake sun san wannan: gaɓar tsohon rake ake binnewa, sabon ya tsiro.

Kakanmu, wanda ya riga mu gidan gaskiya, bai zauna a Gimi ba. Bamaguje ne daga wajen Kudan, da girmansa ya ji bishara. Ranar da ya daina yanka wa iskoki, danginsa suka janye hannu daga gayyar gonarsa, shi da matarsa kaɗai suka yi noman shekarar. Bai rama ba. Da kaka ta yi, ya aika wa waɗanda suka ƙi shi damin dawa. A ajin yamma ya koyi karatu domin ya iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932. Kowane dare bayan tuwo yakan tara gidan duka, ya karanta da yatsa a kan layi, ya yi addu'a yana kiran sunan kowane jika.

To, 'yan'uwa, ina gadon nan yake yau? Dattawan da suka san labarin suna ƙarewa ɗaya ɗaya, 'ya'yanmu da yawa kuwa ba su san ko sunan Gimi ba. Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki (2 Timoti 1:5). Ba a jini ya sha ta ba, koya masa aka yi.

Saboda haka muna roƙon kowane gida abu uku. In akwai tsoho ko tsohuwa da rai, ku zauna ku tambaye su yadda suka karɓi Almasihu, a sa yaro ɗan makaranta ya rubuta. Ku maido da addu'ar dare, ko da minti 10 ne. Ku kuma koya wa yara karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, domin su iya karanta wa kakanninsu da idonsu ya yi rauni.

Ubangiji ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.