Kindirmo da cikin da aka yi wa tiyata

A ƙauyuka irin su Ɗankaza da ke ƙasar Wudil, inda nono ba ya wuya, idan mutum ya dawo daga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano bayan an cire masa tumbi ko wani sashensa saboda ciwon daji, ƙwaryar fura da nono ce kan riga komai isowa. Masu dubiya sukan ce a ba shi ya samu ƙarfi. Akwai gaskiya a maganar, amma tana da sharuɗɗa.

Hanjin mutum gida ne na tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya, kuma yawancinsu amfani suke yi. Suna narkar da dusar hatsi da ganyen da ciki ya kasa sarrafawa, suna samar da wasu sinadaran bitamin, suna kuma cike gurbi don kada masu sa cuta su samu wurin zama. Tumbi shi ne mai gadin ƙofa: ruwan tsami mai ƙarfi da yake fitarwa yana kashe mafi yawan ƙwayoyin da muke haɗiya tare da abinci da yawu.

Tiyata tana rage wannan ruwan tsami ko ta kawar da shi, sai ƙwayoyin baki su wuce kai tsaye su yi sansani a ƙaramin hanji. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake bayarwa lokacin aikin kuwa ba sa tantance na gida da baƙo. Daga nan ake samun kumburin ciki, yawan tusa, gudawa da rama.

Abin da likitoci ke kira furobayotik ƙwayoyi ne masu rai da ke amfanar jiki idan an sha su daidai gwargwado. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci da Noma suka fayyace a 2001. Fitattu su ne Lactobacillus da Bifidobacterium. Bafulatanar da ta tafasa madara, ta bar ta ta huce, ta zuba ɗan kindirmon jiya a matsayin iri, dangin waɗannan ƙwayoyin take rainon su. Gwaje-gwajen da aka yi a Japan da Sin sun nuna cewa wasu nau'o'insu kan rage kamuwa da cuta bayan tiyata, su sa hanji ya fara motsi da wuri. Taimako ne mai iyaka: ba sa kashe daji, ba sa hana shi dawowa.

Kuma ba kowa suka dace da shi ba. A 2008 wani gwaji a Holan kan masu tsananin kumburin sashen ciki mai fitar da insulin ya nuna an fi mutuwa cikin waɗanda aka ba furobayotik. Wanda ke karɓar maganin daji ta jijiya garkuwarsa ta yi rauni, ƙwayar kirki ma tana iya shiga jininsa. Don haka sai da izinin likita.

Nonon kasuwa yana da nasa haɗarin. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu ko cutar bakkale, wasu kuma kan sirka nono da ruwan da ba a san tsaftarsa ba. Cikin da ya rasa mai gadi ba ya jure wannan. Sukari ma matsala ne: fura mai zaƙi takan zuba cikin hanji gaba ɗaya, ta jawo jiri, zufa, bugun zuciya da gudawa jim kaɗan bayan sha.

Idan likita ya yarda, abin yi shi ne kindirmon gida daga tafasasshiyar madara, ba sukari, a fara da cokali biyu a ga yadda ciki zai karɓa. Abinci kaɗan-kaɗan sau shida a yini, a tauna sosai, ruwa kuma a tsakanin cin abinci. Wanda aka cire wa tumbi duka yana buƙatar bitamin B12 muddin rai, galibi ta allura, domin sinadarin da ke sa jiki ya tsotse shi a tumbin ake yin sa. Wannan kam babu ƙwaryar da za ta maye gurbinsa.